Gwangwanayen Doctor Who da aka tsinta a Jos: akwai saura?

Sadiq Ɗan Jos:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in zube ta a nan. A Jos aka haife ni, a nan na yi karatuna kaf, amma sai da na girma na san cewa a garin nan aka yi ɗaya daga cikin manyan tsintuwar da masoya Doctor Who suka taɓa gani.

Ga wanda bai san shirin ba, na BBC ne, an fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, washegarin ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka. Labarin wani mutum ne da ake ce wa Dakta, mai yawo tsakanin duniyoyi da zamunna a cikin wani shuɗin akwati irin na 'yan sandan Ingila na da. Daga 1963 zuwa 1969 an yi kashi 253, duk baƙi-da-fari. BBC da hannunta ta goge tef-tef ɗin, ta lalata kwafin fim ɗin, har aka wayi gari fiye da rabinsu babu su a ma'ajiyarta.

A watan Oktoban 2013 aka sanar cewa wani Bature, Philip Morris, wanda aikinsa ke nan bin gidajen talabijin yana tona tsofaffin ma'ajiya, ya tarar da gwangwanayen fim jere a kan kanta a wani ɗaki na wata tashar talabijin a Jos. Kashi 9 da aka riga aka fidda rai da su: 5 na labarin The Enemy of the World, 4 na labarin The Web of Fear. Ya ce da ya share ƙurar da ke kan rubutun jikin gwangwanin ya ga sunan shirin, sai da gabansa ya faɗi. Ɓatattun suka sauko daga 106 zuwa 97.

Daren jiya babu wuta, na kwanta a tsakar gida na sake kallon kashi na farko na Enemy a waya. Patrick Troughton, ɗan wasan da ya fito a matsayin Dakta na biyu, ya fito daga akwatinsa a bakin teku, ya tuɓe ya faɗa ruwa da murna kamar yaro, can sai ga mutane da bindigogi suna kora shi, wata mata ta sauko da jirgi mai saukar ungulu ta kwashe shi da abokan tafiyarsa. Shekara 45 babu wanda ya ga wannan a Ingila. Akwai waɗanda suka mutu da begensa, alhali yana nan a garinmu cikin ƙura. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Tambayata biyu ce. Akwai wanda ya kalli shirin nan a talabijin ɗinmu a wancan lokaci? Sannan kuna ganin akwai saura a wani sito?

Nura Mancesta:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ina nan Ingila lokacin da aka sanar. Ƙarfe goma sha biyun dare, 11 ga Oktoba, aka sake su a iTunes, ban yi barci ba sai da na gama shida na Enemy. Da safe wani abokin aikina ɗan shekara sittin ya zo ya riƙe hannuna yana tambayata yadda Jos take. Mutumin da bai taɓa yi mini maganar da ta wuce gaisuwa ba.

Kuma ba wannan ne karon farko da Najeriya ta yi musu rana ba. A tsakiyar shekarun 1980 daga nan aka dawo da The Time Meddler da The War Machines na zamanin William Hartnell, Dakta na farko.

Maryam Tudun Wada:
Ku gafarce ni, ni sabuwa ce a harkar. Ta yaya kayan BBC suka zo Jos tun farko? Kuma wane irin hankali ne mutum ya goge aikin da ya sha wahalar yi?

Baba Injiniya:
'Yata Maryam, bari in ba ki amsa, don wannan aikina ne na shekara talatin da ɗoriya kafin in yi ritaya.

A lokacin, tef ɗin bidiyo faɗinsa inci 2 ne, naɗi guda sai ka sa hannu biyu kake ɗaga shi, ga tsadar tsiya. Amfaninsa shi ne ana iya gogewa a sake ɗauka a kai. Shirin da aka riga aka nuna kuwa, a ganinsu ya gama aikinsa, domin yarjejeniyar da ke tsakanin BBC da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaitawa, sai an sake biyan kowa. Babu bidiyon gida, babu wanda ya yi mafarkin za a sayar da kaset a kasuwa. Da talabijin mai kala ta zo musu a ƙarshen shekarun 1960, sai baƙi-da-fari ya koma kamar tsohon yayi.

To amma kafin a goge, sashen kasuwancinsu yakan kafa kyamara gaban wani allo na musamman a kwafe shirin zuwa fim mai milimita 16. Shi ake sayar wa ƙasashen waje, don kowace tasha tana da injin haska fim ko da ba ta da na tef. Kuma ba kowa ake buga wa sabon kwafi ba. Kwafi ɗaya ne zai yi ta zagaye, wannan ƙasa ta gama ta tura wa waccan, waccan ta tura gaba. Na Jos ɗin nan an ce ta Hong Kong suka biyo. Tasha ta ƙarshe ita ake ba umarni: ko ta mayar Landan, ko ta lalata ta aika da takardar shaida. Idan ba a yi ko ɗaya ba, shi ne gwangwani zai zauna a kan kanta har maigadin ɗakin ya yi ritaya, magajinsa ma ya yi.

Ita ma BBC daga 1972 ta fara zubar da nata kwafin fim ɗin, tana zaton wani sashe yana riƙe da na asali, wancan sashen kuma yana zaton wannan ne ke riƙe da su. Sai 1978 aka tsaya.

Sadiq, ka tambayi wanda ya kalla. Ni na kalla, amma ban riƙe sunan labarin ba. Abin da ya zauna mini shi ne kiɗan farkon nan mai kama da kukan iska, ƙannena sukan gudu bayan ƙyaure idan ya fara. Ka sani Jos ba ƙaramar tasha ba ce a lokacin. Talabijin ta Binuwai-Filato, wadda aka buɗe a 1974, ita ce ta fara watsa shiri mai kala a ƙasar nan, kafin a haɗe tashoshin duka ƙarƙashin NTA a 1977.

Maryam Tudun Wada:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yanzu na gane. Wato rashin bin umarni ne ya cece su.

Hajiya Binta:
Ni dai zan faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Tun ɗazu nake karantawa, ina mamakin yadda 'ya'yanmu suka haddace lissafin kayan Turawa: 106, 97, kashi kaza na labari kaza. To madalla. Wa zai faɗa mini Samanja kashi nawa aka yi, nawa suka rage? Karambana fa? Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi ya bi shi a 2023, Allah ya jiƙansu. Jikata ta tambaye ni wane ne Samanja, na shiga YouTube ina lalube, abin da na samu gutsattsari ne masu dishi-dishi, ga sauti kamar daga cikin rijiya. Mu da muke cika falon maƙwabta, yara a ƙasa manya a kujera, wasu ta taga, don mu ji Samanja yana juya Hausar barikinsa.

Bature ya taso tun daga ƙasarsa ya zo ya kwashe nasa ya tafi. A ɗakin da ya shiga, gwangwani nawa ne namu a gefen nasa? Wa ya waiwaye su? Gida bai ƙoshi ba ana kai wa dawa.

Sadiq Ɗan Jos:
Ranki ya daɗe, ban musa miki ba ko kaɗan. Sai dai son wancan bai hana ni son wannan ba. Ni ta hanyar Doctor Who na fara sanin cewa shirin talabijin yana iya mutuwa. Kafin nan ina zaton duk abin da aka taɓa nunawa yana nan a ajiye a wani wuri.

Nura Mancesta:
Hajiya, Allah ya ja zamaninki, akwai abu ɗaya da nake so ki duba. Lissafin nan da kike ji, ba hukuma ce ta fara damuwa da shi ba. Masoya ne. A 1978 wani matashi mai son shirin, Ian Levine, ya je ofishin da ake zubar da fina-finan, ya tarar da labarin farko na Daleks, manyan maƙiyan Dakta, an ware shi za a lalata, ya tada ƙura har aka fasa. A shekarar ce aka naɗa Sue Malden ta kula da ma'ajiyar, ta shiga ƙirga abin da ke nan da abin da babu. Daga nan masoya suka dinga rubuta wasiƙu zuwa kowace tashar da takarda ta nuna an taɓa sayar mata.

Ki ji inda aka yi ta tsintar su. A 1983, kashi 2 na The Daleks' Master Plan a ɗakin ƙasa na wani coci a Landan. The Tomb of the Cybermen cikakke, kashi 4, daga Hong Kong, aka sanar a farkon 1992. A 1999, kashi ɗaya na The Crusade a Niyu Zilan, a hannun wani mai tara fina-finai da ya saye shi a kasuwar tsofaffin kaya bai san darajarsa ba. A 2011 wasu 2 daga hannun wani mai tarawa a Ingila. Har guntayen da hukumar tace fina-finai ta Ostireliya ta yanke saboda sun yi ban tsoro, an je an zaƙulo su a 1996. Akwai labaran da babu abin da ya rage nasu mai motsi sai waɗannan 'yan daƙiƙun da almakashi ya cire.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne sauti. Duk kashin da ya ɓata, muryarsa tana nan, babu ko ɗaya da ya salwanta. Dalili kuwa yara ne. 'Yan makaranta masu rikoda ta naɗi, ranar Asabar da yamma su kafa makirfo gaban talabijin, su roƙi mutanen gida a yi shiru na minti 25. A wasu naɗe-naɗen kana jin motsin gidan. Wani daga cikinsu, Graham Strong, da ya gaji da hayaniya sai ya buɗe bayan talabijin ɗin ya jona waya kai tsaye, shi ya sa nasa ya fita tas, har BBC ta zo tana amfani da shi. Yaro a ɗakin uwarsa ya riƙe abin da babbar hukuma ta zubar.

To su waye irinsu a wajenmu? Nan ne nake ganin maganarki da tamu suka haɗu.

Hajiya Binta:
Wannan na yaran ya shige ni, Malam Nura. Mijina, Allah ya jiƙansa, haka yake naɗar wasan kwaikwayon rediyo a kaset. Da muka tashi daga gidan haya aka ce shara ce, ni ma ban hana ba.

Baba Injiniya:
Hajiya, tunda kin faɗi naki, bari in faɗi nawa, don ya daɗe a wuyana.

A tashar da na yi aiki, ba zan ambaci suna ba, akwai shekarun da ba a sayo mana sabon kaset ko guda ba. Ga labaran ƙarfe bakwai dole a ɗauka, ga rangadin manya dole a bi. Sai a ce in shiga sito in zaɓo. Akwai wata na'ura kamar ƙaramin akwatin ƙarfe, ka ɗora kaset a kai ka danna, ta yi gurnani na ɗan lokaci har ka ji ƙarfen agogonka yana rawa, shi ke nan an gama. Sai ka sa farce ka ɓare tsohuwar takarda ka manna sabuwa. Na tuna wata rana da na ɓare takardar wani wasan Hausa na Sallah, na san duk 'yan wasan, har ɗayansu ya taɓa ara mini keke. A kansa aka ɗauki bikin buɗe wata rijiyar burtsatse. Ban yi gardama ba, don ban ga abin gardama ba a lokacin. Yanzu mutum huɗu cikin waɗanda ke wasan sun rasu, 'ya'yansu ba su da ko minti ɗaya na motsin iyayensu. Idan na ji ana zagin ma'aikatan BBC na wancan zamani, shiru nake yi, domin na san yadda hannu yake yin wannan aiki ba tare da zuciya ta sani ba.

Sadiq Ɗan Jos:
Allah ya yafe mana baki ɗaya, Baba. Ba kai ka hana sayen kaset ba.

Awudu Kumasi:
Gaisuwa daga Zango. Mu namu wuta ce ta ci. A 1989 gobara ta kama ma'ajiyar sauti da hotuna ta gidan rediyo da talabijin na Gana a Ankara, abin da aka tara tun zamanin Nkrumah ya tafi cikin yini ɗaya. Shi ya sa da na ji labarin Jos ban ji haushin Baturen ba. Gwangwanin da ya fita ya je aka wanke shi aka kwafe, yanzu yana gidaje dubbai. Wanda ya zauna a wuri ɗaya jiran ƙaddara yake.

Nura Mancesta:
Gaskiyarka Malam Awudu. Haka ta faru a Saifurus. An samo wasu kashi na The Reign of Terror a can a shekarun 1980, amma na 4 da na 5 an tafi a kan cewa sun hallaka a rikicin 1974.

Garba Lauya:
Ina so in dawo da mu kan kashi na 3 na The Web of Fear, don Sadiq ya tsallake shi. Labarin kashi 6 ne. Na farko dama yana hannun BBC, aka samo 2, 4, 5 da 6. A 2015 Philip Morris ya faɗa a wani taron masoya cewa ranar da ya fara shiga ɗakin, na 3 yana nan tare da 'yan'uwansa, amma kafin a kammala maganar ɗauko su ya yi ɓatan dabo, kuma yana kyautata zaton ya faɗa hannun wani mai tara fina-finai. Shi ne kuwa mafi tsada a cikinsu, don a nan Dakta ya fara haɗuwa da Kanar Lethbridge-Stewart, wanda daga baya ya zama Birgediya, Nicholas Courtney ya yi ta fitowa a matsayinsa shekara da shekaru.

Abin lura a nan, zumuɗin masoya shi ma yana da nasa lahani. Da zarar an ji abu yana da daraja, farashi ya hau, mai shi ya ƙara ɓoyewa. Ku tuna ana saura kwanaki a yi sanarwar Jos wata jarida a Ingila ta buga cewa an gano fiye da kashi 100 a Habasha. Babu ko ɗaya. Irin wannan surutu yana ɓata ciniki, yana kuma tsorata wanda yake da niyyar fitowa da abin da ke hannunsa.

Sadiq Ɗan Jos:
Barista, ni a nan ba ni da sassauci. Wanda ya riƙe kashi na 3 a ɗakinsa shi kaɗai yana kallo, ya zalunci mutane. Ba shi ya rubuta ba, ba shi ya yi wasan ba. Matar da ta fito a matsayin Victoria abokiyar tafiyar Dakta, wato Deborah Watling, ta samu ganin sauran a 2013, ta rasu a 2017 ba ta ga wannan ba.

Garba Lauya:
A kan na 3 ina tare da kai, idan har yadda aka faɗa haka ne. Amma kada ka haɗa su duka a kwando ɗaya. Da yawan tsofaffin da ke riƙe da fina-finai a Ingila daga kwandon shara suka tsamo su, lokacin da aka ba su umarnin zubarwa. A takarda sun saɓa doka, a zahiri su ne suka yi ceto. Kuma tsoronsu yana da tushe: a ƙarshen shekarun 1970 an gurfanar da fitaccen ɗan barkwancin nan Bob Monkhouse a kan fina-finan da ya tara, kotu ta sallame shi, amma ya yi asarar da yawa daga cikinsu. Wanda ya ga haka da idonsa, ko an ce masa yau zamani ya sauya, kwafi kawai za a ɗauka a mayar masa da kayansa, sai ya yi ta jan ƙafa. Haƙƙin mallakar shirin na BBC ne, wannan babu ja. Gwangwanin kansa kuwa magana ce daban. Hatsarin da na fi gani shi ne mutumin ya rasu, magada su ga tarkace su kira motar shara.

Ummi Zane:
Ni ta ɓangaren zane na shigo harkar nan. Tunda sauti yana nan, ana zana kashin da ya ɓata a ɗora a kan muryoyin asali. An fara da kashi 2 na The Invasion a 2006, a 2016 aka zana The Power of the Daleks gaba ɗaya, kashi 6, labarin Troughton na farko. Ni a wurina wannan ya wadatar. Me ya sa za a yi ta jiran gawon shanu?

Nura Mancesta:
Ƙanwata, ina sayen su duk wanda ya fito, amma wadatarwa kam a'a. Enemy ce hujjata. Shekara da shekaru kashi na 3 kaɗai ake da shi, kuma shi ne mafi sanyi a cikin shidan, har da wurin da aka tsare fursuna a baranda ana ta zance. Da sauti da hotuna a hannu, masoya suka yanke wa labarin hukuncin cewa ba shi da armashi. Da na Jos suka iso, ra'ayi ya juye cikin dare ɗaya. Troughton mutum biyu yake fitowa a ciki, Dakta da kuma mugun nan Salamander mai neman mulkin duniya a shekarar 2018, har da wurin da Dakta yake kwaikwayon Salamander. Abin duk a fuska yake, yadda yake ɗaga gira, yadda idonsa ke mutuwa idan ya koma mugun. Babu mai zanen da zai ƙago wannan daga jin murya, don bai san an yi ba.

Ummi Zane:
Na karɓi wannan, Yaya Nura. Kuma na san zanen da aka yi wa kashi na 3 na Web a 2021 bai yi wa mutane da yawa daɗi ba, ni ma motsin mutanen ya dame ni. Amma ka dubi irin su Marco Polo, kashi 7, ko daƙiƙa ɗaya mai motsi ba ta tsira ba. Ko kashin da aka nuna ranar Kirsimetin 1965, wanda ba a taɓa sayar wa wata ƙasa ba, wato babu tashar da za a je a nema. Irin waɗannan ko dai a zana, ko a sake yin wasan kamar yadda ɗaliban wata jami'a a Preston suka yi wa Mission to the Unknown a 2019, ko a bar su a kunne kawai. Ƙanena ɗan shekara 12 ba zai zauna yana kallon hoto a tsaye ana magana a bayansa ba.

Baba Injiniya:
Wane hoto a tsaye kuma?

Ummi Zane:
Baba, akwai wani mai hoto, John Cura, sana'arsa ita ce ya kafa kyamara gaban talabijin yana ɗauka lokacin da ake nuna shiri, ya sayar wa daraktoci da 'yan wasa su ajiye shaidar aikinsu. Kashi ɗaya yakan samu hoto fiye da 50. Masoya su ne suke jera hotunan a kan sautin da yaran nan suka naɗa, su sa rubutu a ƙasa yana bayanin abin da ke faruwa.

Baba Injiniya:
Ikon Allah. To ni wannan zan fi so. Fuskar mutanen ce ta gaskiya.

Hajiya Binta:
Har yanzu ba a ba ni amsa ba. Namu fa? Ko akwai wanda aka taɓa cetowa, ko kuwa duk zance ne?

Sadiq Ɗan Jos:
Akwai, ranki ya daɗe, kuma a Jos ɗin dai. Shaihu Umar, fim ɗin Hausa da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana ɗaukarsa ɓatacce. A 2016 aka gano naɗe-naɗensa na asali a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke nan Jos, cibiyar fina-finai ta Arsenal da ke Balin ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Shekara uku kacal tsakaninsa da sanarwar Doctor Who.

Hajiya Binta:
Alhamdu lillahi. Littafin na koyar da shi shekaru a aji, ban taɓa ganin fim ɗin ba. Amma ka lura, shi ma sai da aka kai shi Jamus.

Baba Injiniya:
Ba banza ba abubuwan nan biyu suka tsira a Jos. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200, da sanyi-sanyinsa. Babban maƙiyin fim zafi ne da laima. Idan suka haɗu, jikin fim ɗin yakan fara ruɓewa, kana buɗe gwangwani wari mai tsami kamar ruwan khal zai buge ka, daga nan ya motse, ya lanƙwashe, ya manne. Kuma yana harbin na kusa da shi. Kaset ɗin bidiyo ma bai tsira ba, ya fi fim saurin lalacewa. Don haka amsar tambayarka ta biyu, Sadiq: zai yiwu akwai saura, amma kowace damina tana rage su. Ni kuma in za a bi ta tawa, a daina kallon sito na tashoshi kaɗai. A dubi gidajen mutane. Daga farkon shekarun 1980 ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa sun sayi bidiyo, kuma sun yi ta naɗar abin da ake nunawa.

Maryam Tudun Wada:
Baba, maganarka ta sa na tashi na shiga ɗakin mahaifinmu. Akwai wata adaka da ba a buɗe ba tun rasuwarsa. Kaset 14 na samu, ƙananan nan masu kauri, an rubuta Betamax a jiki. Yawancinsu biki ne da wa'azi, amma uku an rubuta "wasan Hausa" da rubutun hannunsa, ɗaya har da "Sallah 86". Yayana ya ce akwai mai gyaran rediyo a bakin kasuwa da yake da tsohon inji, gobe zai kai a gwada.

Baba Injiniya:
Kada ya kai! Maryam, ki hana shi yau ɗin nan. Injin da ya shekara talatin a ajiye zai iya tauna tef ɗin a kunnawar farko, kuma ba ki da na biyu. Ki fito da su daga adakar, ki jera su a tsaye kamar littattafai a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Ki haska tocila ta 'yar tagar kowane kaset. In kin ga fari-fari kamar gari a jikin naɗin, fumfuna ce, ki ware wannan a leda shi kaɗai. Ki ɗauki hoton rubutun jikin kowanne ki turo mana nan.

Ummi Zane:
Anti Maryam, ina da na'urar da ke juya bidiyo zuwa kwamfuta, injin Betamax mai lafiya ne kawai babu.

Baba Injiniya:
Akwai nawa, ina kunna shi duk wata don kada robobinsa su daskare. Zan goge kansa in fara gwada shi da wani kaset da ba a damu da shi ba. Ranar Asabar bayan la'asar ku zo da su.

Hajiya Binta:
Maryam 'yata, in Allah ya sa hoton ya fito, kada ki yanke komai, har tallan sabulu da sanarwar da ke tsakani ki bar su. Ni kuma zan kira tsofaffin abokan aikin maigidana in ji wa yake da kaset a gida. Sadiq, tunda ka iya lissafi, buɗe mana takarda: sunan shiri, tasha, shekara, da wanda abin yake hannunsa.

Sadiq Ɗan Jos:
Na buɗe, ranki ya daɗe. Anti Maryam, turo hotunan rubutun in fara da naki ukun.